Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Wuraren Buɗe Ido a Ziyarar Kwana Biyu a Kano

Gidanmu a Kano gidan saukar baƙi ne. Da an ce biki ko suna ko hutun makaranta, sai ka ga 'yan uwa daga Gusau, daga Maraɗi, wani lokaci har daga zangon Kumasi, kowa da 'ya'yansa. Kwana biyu ko uku za su yi su juya. Kafin a gama cin abincin sauka, sai wata ƙanwa ta ce, "Yaya, ina za mu kai yaran nan su ɗan ga gari?"

Na daɗe ina wannan rakiya. Karon farko na ɗauki ɗan ƙanwata mai shekara shida na kai shi wurare biyar a yini ɗaya, don ina son ya ga duk abin da nake alfahari da shi. Kafin azahar ya fara kuka, wuraren ƙarshe a kafaɗata ya gan su, yana barci. Bayan shekara guda da na je garinsu na tambaye shi abin da ya tuna, abu ɗaya ya faɗa: ranar da hannunsa ya koma shuɗi a marina. Daga nan na sauya tsari gaba ɗaya. Ga yadda nake yi yanzu, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: ƙirga awanni, ba kwanaki ba

Mutum yakan ce kwana biyu zai yi a Kano, amma in aka zauna aka yi lissafi ba su kai ba. Cire ranar isowa, domin yaron da ya kwaso hanya daga Gusau, ko ya tsallako iyaka ta Jibiya, ba abin da yake so sai wanka da abinci da shimfiɗa. Cire abin da ya kawo ka, ɗaurin aure ne, ganin likita ne, ko sarin kaya a Kantin Kwari. Cire gaishe-gaishen dangi, wanda bai taɓa ƙarewa a lokacin da aka yanka masa ba. Sannan ka cire tsakar rana, daga sha biyu zuwa la'asar, lokacin da ranar Kano ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

Abin da zai rage maka shi ne safiya, daga ƙarfe 8 zuwa wajen 11 da rabi, da kuma yamma, daga sallar la'asar zuwa gab da magariba. A ziyarar kwana biyu, da wuya ka samu fiye da irin waɗannan fita uku. Dokata ita ce kowace fita wuri babba ɗaya, in ya so a ƙara wani ƙarami da ke kan hanya. Wurare uku ke nan, ko huɗu. Ka rubuta wannan adadin a takarda kafin ka fara tunanin sunan kowane wuri, don shi ne zai hana ka haɗama.

Mataki na biyu: dubi yaron da ke gabanka

Yaron da bai kai shekara huɗu ba, ba ya buƙatar tarihi. Dabba yake so ya gani, da fili da zai yi gudu, da wanda zai ɗauke shi in ya gaji. Fita ɗaya a yini ta ishe shi. Daga biyar zuwa takwas su ne masu "mene ne wannan?", suna son taɓawa, suna son labari mai sarki da doki da yaƙi, amma haƙurinsu a wuri ɗaya ba ya wuce minti arba'in. Daga tara zuwa sha biyu kuwa sun fara karanta Bayajidda da Hausa Bakwai a makaranta, suna iya hawa dutse da ƙafarsu, kuma suna jin daɗi in aka ba su wani aiki, kamar riƙe waya su ɗauki hoto ko lissafin kuɗin mota.

Bayan shekaru sai hali. Akwai yaro mai ƙiriniya da in ka kai shi ɗakin da aka hana taɓa kaya, faɗa za ku yi ta yi har ku fito. Akwai mai ƙiwa da cunkoson kasuwa zai firgita shi. Akwai mai asma, wanda ƙurar hunturu da hayaƙin ababen hawa za su tayar masa da ciwo. Uwa ta fi kowa sanin wannan, don haka in kai ne mai masauki, ita za ka fara tambaya.

Sai inda yaron ya fito. Wannan mutane kan manta da shi. Yaron da ya tashi a ƙauye ya saba da raƙumi da shanu da gini na ƙasa, abin da zai burge shi shi ne a bi da shi ta kan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ko ta Dangi ya leƙo motoci a ƙasa. Yaron Abuja ko Legas kuwa ya gaji da gada da manyan kantuna, lungunan cikin birni da zaure da maƙeri ne baƙon abu a wurinsa.

In ka gama wannan nazari, ka ba yaron zaɓi, amma tsakanin abu biyu kawai: "Dutse za mu hau, ko zaki za mu je gani?" Kada ka tambaye shi ina yake son zuwa, bai san garin ba. Wurin da ya zaɓa da bakinsa ba ya saurin cewa ya gaji a cikinsa.

Mataki na uku: tace wuraren da tambaya ɗaya

Tambayar ita ce, in mun je can, me yaron zai yi da hannunsa ko da ƙafarsa? In amsar ita ce zai tsaya ya saurari babba yana bayani, wurin naka ne, ba nasa ba. Bari in bi wuraren da aka fi kai baƙi da wannan ma'auni.

Marinar Ƙofar Mata ita ce ta ɗaya a wurina, ga duk yaron da ya kai shekara biyar. A bakin ƙofarta an rubuta cewa tun 1498 take, kuma har yau da baba da toka da ruwa ake haɗa rinin a cikin rijiyoyi, a bar shi ya yi makonni yana tsima kafin ya kama. Daga irin waɗannan rijiyoyi ne shuɗin yadin Kano ya bi ayarin raƙuma har cikin Sahara, inda Buzaye ke naɗa shi rawani. Amma ba wannan ne zai kama yaro ba. Abin da zai kama shi shi ne lokacin da aka tsoma farin ƙyalle aka ɗago shi. Ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya riƙa rikiɗewa a gaban idonka har ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, launin ya ƙara duhu. Na ga yara da yawa sun yi tsit a wannan wuri, har da waɗanda ba sa iya zama minti ɗaya. Iskar ce ke aikin, kuma wannan darasin kimiyya ne da ba allon da zai koyar da shi kamar haka.

Ga yadda za ka yi. Ka taho da farin hankici ko ƙaramar farar riga ta auduga zalla, domin yadin roba ba ya shan baba. Ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke bakin rijiya kamar yadda ya kamata, ka sa yaron ma ya rusuna ya gaishe su. Sannan ka nemi alfarma a rina masa ƙyallensa, ku daidaita abin da za ka bayar tun kafin a fara. In sun yarda ya sa hannu, to ka riƙe shi ta baya da kyau, don wasu rijiyoyin sun fi tsayin mutum zurfi, kuma bakinsu daidai yake da ƙasa, ba katanga. Ka sa masa tsofaffin kaya, shuni ba ya fita daga tufafi. Ka kuma faɗa masa tun a gida cewa wurin yana da wari, kada ya je ya toshe hanci a gaban masu sana'a. Kafin ku tafi ku leƙa wurin masu bugu, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungume ana dukansa da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi. Sautin kamar kiɗa yake, yara kan soma rausaya ba su sani ba. Awa ɗaya ta isa duka, kuma yaron zai koma garinsu da abin da aka rina a gabansa.

Dutsen Dala shi ne na masu ƙarfin ƙafa, daga shekara shida zuwa sama. Akwai matakala har sama, kuma aikin yaro shi ne ya ƙirga su da kansa. Ni ba na faɗa wa yara adadinsu, nakan ce wanda ya kawo mini lissafi daidai yana da tukuici. A sama gari gaba ɗaya yana shimfiɗe: ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidaje iya ganinka. Sai ka nuna masa wajen da masaukinku yake. Amma saman dutsen ba shi da shingen da za ka dogara da shi, don haka hannun ƙaramin yaro ba ya barin naka. A je da sassafe ko bayan la'asar, a sauko tun da sauran haske, kuma ya fi kyau a tafi da ɗan unguwa ko wani babba na biyu. Takalmi rufaffe, ba silifas ba. Mai goyo ko mai tsohon ciki ta haƙura da wannan, ta jira a gida.

Gidan Zu, wato gidan namun daji na Audu Baƙo, wanda aka kafa a zamanin gwamnan da yake ɗauke da sunansa, shi ne wurin da ya dace da kowane yaro har da na goye. Yaron da ya sha jin kura da zaki a tatsuniyar kakarsa, yau ga su ido da ido. Wurin yana da faɗi da bishiyoyi, tafiya ce sosai, saboda haka kada ka haɗa shi da hawan Dala a fita ɗaya. A je da safe ko bayan la'asar, don in rana ta take dabbobi kan shige inuwa su kwanta, sai yaro ya yi ta leƙen keji bai ga komai ba. Kada ka yi masa alkawarin wata dabba takamaimai, ka ce dai za a je a ga abin da aka samu. A hana shi zura hannu ta tsakanin ƙarafa, musamman wajen birai, a kuma hana shi jifa ko tsokana. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: ranakun bikin sallah wurin yakan cika maƙil da yara, har ƙofar shiga ta zama wurin turereniya. In a sallah ka zo, kuma yaronka ƙarami ne, ka bari sai hayaniya ta lafa.

Gidan Makama yana daura da fadar sarki. Gini ne na ƙarni na 15 da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A kan ma'auninmu, wannan wurin kallo ne ba na taɓawa ba, don haka sai ka ƙirƙiro wa yaron aiki. Kafin ku shiga ka ba shi abu uku da zai nemo: tsohon ƙyauren ƙofar gari, kayan yaƙi irin su sulke da takobi, da kayan kiɗa. Duk wanda ya gano ya zo ya ja hannunka ya nuna maka. Da haka zaurukan suka zama wurin farauta. In mai yi muku bayani ya ɗauko dogon zance, ka roƙe shi cikin ladabi ya taƙaita saboda yaro, minti talatin zuwa arba'in sun wadatar. Ka sa ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ga yadda aka ɗaure ɗaki da azara da ƙasa ba ƙarfe ba siminti, ya kuma ji yadda ciki ke da sanyi alhali waje na ƙuna. Da kun fito, ga Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, wato fadar sarki, nan kusa. Ana iya tsayawa daga waje a ga dogarai cikin ja da kore, wani lokaci a yi sa'a a ga doki da ado. Fada gidan mutane ne, ba a kutsa kai, kuma a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take, ina son ta, amma ba na kai yaron da bai kai shekara bakwai ba. Lungunanta matsattsu ne, masu kura da masu dako ba sa jira, in damina ce kuma ga taɓo. Ga babban yaro kuwa makaranta ce. Ka zaɓi layi ɗaya, misali na dukawa masu jaka da takalmin fata ko na masu kayan doki, ka ba shi kuɗi kaɗan a hannunsa, ka bar shi ya yi tayi da kansa kana tsaye a bayansa. Ku saya ku fito. Kada ka haɗa wannan da naka cefanen, don da ka tsaya ciniki hankalinka ya bar kansa.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya fi dacewa da ɗan sakandare. Ƙaramin yaro ba abin da zai ɗauka a can da bai samu a Gidan Makama ba. Madatsar ruwa ta Tiga da sauran wuraren bayan gari kuma ka bar su sai wata zuwan, hanya za ta cinye fitar.

Mataki na huɗu: haɗa na kusa da na kusa, ka duba rana da lokaci

Gidan Makama, fada, babban masallaci, Kurmi da Ƙofar Mata duk a cikin birni suke, kusa da juna. Dala tana gaba kaɗan. Gidan Zu kuwa yana wajen badala, ta kudu. Saboda haka cikin birni fita ɗaya, Gidan Zu fita ɗaya, Dala fita ɗaya. Yaro ya fi gajiya a cikin cunkoson motoci fiye da tafiyar ƙasa, don haka duk tsarin da zai sa ku ratsa gari sau biyu a yini, ka yi watsi da shi.

Ranar Juma'a kada ka shirya shiga cikin birni daga hantsi zuwa bayan an sauko daga masallaci, hanyoyi kan toshe, masu sana'a da yawa kuma sun tashi. Wuraren gwamnati irin su gidan tarihi, ka sa wani ya tabbatar maka da lokacin buɗewa da rufewa tun ana gobe, musamman a ƙarshen mako da ranakun hutu. Ba abin da ya kai a ɗauko yaro da ɗoki a tarar da ƙofa a garƙame ciwo.

Lokacin shekara ma yana sauya zaɓi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai maki 40, don haka Dala sai dai da sassafe, fitar yamma kuma a jinkirta ta. A hunturu, Disamba da Janairu, yawo ya fi daɗi, amma in hazo ya sauka ba abin da za a hango daga kan dutse, gara a musanya da marina. A shafa wa yaro mai a leɓe da ƙafa, a sa masa rigar sanyi da safe. A damina, musamman Agusta, ka sa ido kan hadari, ka riƙe Gidan Makama a matsayin mafaka tunda rufaffe ne. In azumi ne, ka tuna masu sana'a da mai jan ku a mota suna ɗauke da ƙishirwa, a gama komai da safe, kuma a ba yaro abincinsa a keɓe.

Sai maganar hawan sallah, tunda da yawa saboda shi suke zuwa. Hawan Daushe washegarin sallah, Hawan Nassarawa kashegarinsa, kuma a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskancewa. Ba abin da zai burge yaro kamar wannan. Amma akwai ƙarar bindiga, ga dawakai a guje, ga turmutsutsu. Ƙaramin yaro ba ya kallon hawa daga ƙasa. Ka nemi gidan wani ɗan uwa mai bene a kan hanyar da sarki zai bi, ku je da wuri, ku zauna har jama'a ta watse. Ka kuma tabbatar za a yi hawan a shekarar, don an sha dakatar da shi saboda dalilan tsaro.

Mataki na biyar: abin hawa, abokin tafiya da kuɗi

In ba mota a gidan da ka sauka, ka ɗauki shatar Adaidaita Sahu na fitar gaba ɗaya, ya kai ku, ya jira, ya dawo da ku. Ya fi tsada kaɗan, amma ya fi tsayawa a bakin titi da yaro a rana ana neman wani. A daidaita kuɗi kafin a hau, kuma gara wanda mutanen gidan suka sani. Yaro a tsakiya yake zama, ba a bakin ƙofa ba.

Babba ɗaya ga yara biyu, iyaka ke nan. Na san yadda abin yake, da an ji za a fita sai yaran maƙwabta ma su sako takalma. In ba ka da manyan da za su riƙe su, ka ba su haƙuri ka dawo musu da tsaraba.

Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Kuɗin shiga waɗannan wurare ba yawa gare su ba, amma ga tukuicin mai bayani, ga na marina, ga ruwa, kuma ba ko'ina tura kuɗi ta waya ke tafiya ba.

Mataki na shida: jaka da tsaro

Ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula, kayan canji ɗaya, sabulu ko abin goge hannu, ƙunshin gishiri da sukari na zawo, da maganin yaron in yana da wanda yake sha. A sa shi ya zaga bayi kafin a fita, don ba ko'ina za ka samu wanda zai iya shiga ba.

Abinci kuma, ɗanɗana gurasa da tsire ko kilishi yana cikin ganin Kano, amma cikin baƙon yaro ba kamar na ɗan gari ba ne. Ka saya masa abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Fura da nono, zoɓo da kunun aya a sha na gida ko na wurin da masu masauki suka amince da shi. Zawo na dare ɗaya ya isa ya rushe sauran ziyarar har da tafiyar komawa.

Ka rubuta sunan yaron da lambar wayarka da ta mai masauki a takarda, ka sa masa a aljihu. Ka ɗauke shi hoto da safe da kayan da ke jikinsa. Ka koya masa cewa in ya duba bai gan ka ba, ya tsaya inda yake, ko ya shiga shago mafi kusa ya miƙa wa mai shagon takardar, kada ya bi wanda ya ce zai kai shi wurinka. Yaron da ya taso a Kumasi ko Yamai, wanda Hausarsa ta ɗan bambanta, ka tabbatar ya iya faɗin sunan unguwar da kuka sauka.

Mataki na bakwai: ba shi labarin tun daren jiya

Dutse dutse ne kawai in ba labari a kansa. Da daddare, bayan an ci tuwo, ka ba shi labarin Barbushe da mutanen da suka zauna a gindin Dala kafin zuwan Musulunci, da yadda suke bauta wa Tsumburbura, har Allah ya kawo malamai Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Ka gaya masa an kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi, ana rufe su da dare, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903. Gajere, kamar tatsuniya. Gobe in kun wuce Ƙofar Na'isa ko Ɗan Agundi ko Gadon Ƙaya, ka sa shi ya riƙa ƙirga ƙofofin da kuka gani. Hanyar ma ta zama wasa.

Yadda tsarin yake kamawa

A ce kun iso ranar Juma'a da yamma, ɗaurin aure Asabar da hantsi, komawa Litinin da asuba, yaron kuma shekararsa bakwai. Juma'a hutu. Asabar da safe ta biki ce, bayan la'asar sai Dala, in ba hazo. Lahadi da safe marina, in an tabbatar masu rini suna nan, daga nan a biya Gidan Makama in yana buɗe kuma yaron bai gaji ba. A dawo gida kafin azahar, a ci abinci, a yi barci. Da yamma shi zai zaɓa: Gidan Zu, ko zagayen gadojin sama da shan wani abu mai sanyi. In ɗan shekara uku ne, duk wannan ya koma Gidan Zu ranar Lahadi da safe, shi ke nan.

Wannan ma'auni yana aiki a wasu garuruwan. A Daura, yaro ya ja guga a rijiyar Kusugu in an ba da dama. A Katsina ya ga hasumiyar Gobarau. A Yamai kuwa gidan tarihi na ƙasa ya haɗa namun daji da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe a wuri guda, fita ɗaya ta wadatar.

Ko da wane tsari ka fito, ka sa ido kan alamun gajiya: ya daina tambaya, ya fara jan ƙafa, yana neman a ɗauke shi, ko ƙaramin abu ya sa shi kuka. Da ka ga biyu daga ciki, a nemi inuwa a ba shi ruwa, in bai warware cikin minti goma ba a kira mai Adaidaita a koma gida, ko da an riga an biya kuɗin shiga. Ƙyallen da aka rina kuma a shanya shi a inuwa, a ɗauraye shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a sa shi a leda daban kafin a haɗa kaya, don yakan zuba a wankin farko.